Tayin gurbin karatu ga ɗan wasa a Amurka ba ya jiran kowa

Matasan da ke buga ƙwallon kwando ko tsere, masu fatan wata jami'a a Amurka ta ɗauki nauyin karatunsu, sukan tambaye ni tsawon lokacin da tayin koci yake yi kafin a janye shi. Tayin da aka yi da baki ba shi da wa'adi kuma ba ya ɗaure kowa, yana nan ne kawai har ranar da kocin ya cike gurbin da wani.

Sai da na tafka asara na fahimci haka. Ina ajin ƙarshe na sakandare a can, kocin wata matsakaiciyar jami'a ya ce yana da gurbi domina, na yi godiya na ja bakina na yi shiru, ina jiran wata babbar jami'a da har yau ba ta wuce gaisuwa ba. Ashe ya yi wa wasu irin wannan tayin a kan gurbi guda, domin a lokacin hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, guraben tallafi 13 kacal ta yarje wa kowace ƙungiyar maza ta ƙwallon kwando a rukuni na ɗaya, wato matakin ƙoli na wasannin jami'o'i. Wanda ya riga ni amsawa shi ya samu.

Saboda haka, ranar da aka yi muku tayi, ku tambayi kocin cikin ladabi zuwa yaushe yake son amsa, da kuma mutum nawa yake nema a matsayin da kuke bugawa. Kunya ce ta hana ni wannan tambaya, alhali kociyoyi ba sa ɗaukarta rashin tarbiyya.

Abin da ke da ƙarfi shi ne takarda. Kafin Oktoban 2024, ɗan wasa yakan sa hannu a takardar alƙawari ta ƙasa cikin kwana 7 da fitar da ita, amma an soke wannan tsari a rukuni na ɗaya, yanzu yarjejeniyar tallafin kuɗi ake sa wa hannu da jami'ar, don haka ku duba ranar da aka rubuta a jikinta. Ku sani kuma cewa tun daga 2018, da aka buɗe rajistar masu sauya jami'a, kociyoyi suna da gogaggun 'yan wasa da za su iya ɗauka nan take, kuma idan aka sallami koci, magajinsa ba dole ba ne ya cika alƙawarin bakin da bai ɗauka ba.