Aikin sabtaitil ne ya sa na fara yi wa waƙa tambaya

Na yi kusan shekara 2 ina aikin sa rubutun Turanci a ƙasan fim, sabtaitil ɗin nan da kuke zaginmu a kai, a wani sitidiyo da ke wajen Zoo Road a Kano. Maganar 'yan wasa ba ta taɓa ba ni wahala ba, mutum ya ce na sake ki ai ka san abin da za ka rubuta. Inda nake cin ƙwaƙwa shi ne in an zo waƙa, don wasu furodusoshin sai su ce lallai har waƙar a fassara saboda masu kallo na kudu da na waje, to fa nan za ka sa hedifon ka riƙa mai da baiti ɗaya baya sau 10 kana neman inda ma'ana ta shiga.

Kafin wannan aikin wallahi ban taɓa tsayawa na ji me ake faɗa ba, bi kawai nake ina kaɗa kai kamar kowa. Sai da aka ce rubuta sannan na gane saurayi ya ce ya ciro zuciyarsa ya damƙa mata a hannu ta tafi da ita, layi biyu a gaba kuma ga zuciyar nan tana dukan uku-uku a ƙirjinsa, to malam guda nawa gare ka ne? Wani ya yi shekara dubu yana jiranta alhali ko gemu bai gama fito masa ba. Ita kuma a baiti ɗaya ita ce wata, ita ce zara, kuma mu da muka taso ana ce mana zara matar wata ce sai ka rasa wa ya auri wa. Ranar da na fassara mun zama hanta da jini kalma da kalma, editan da muke zama tare ya kusa faɗowa daga kujera, wai Turancin ya fito kamar lissafin mahauci a kwata.

Daga nan na zama ɗan iya yi. Duk waƙar da aka kunna a adaidaita sahu ko shagon aski sai na tsinke ta, na ce wannan ƙarya ce wancan ba zai yiwu ba, har abokai suka fara cewa in na zo a kashe rediyo.

Kawuna ne ya fara sauke min girman kan. Mutumin wajen Shinkafi ne, ya zo asibiti ya sauka gidanmu, kuma ba abin da ke cikin memorin wayarsa sai Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata. Wata rana yana jin waƙar nan ta Narambaɗa ta Dokin Iska Ɗanfilinge sai na ce Kawu, yanzu fisabilillahi akwai dokin da aka yi da iska? Ya dube ni ya ce kai yaro, wa yac ce maka waƙa takardar kotu ta? In an kira sarki giwa ka taɓa ganin wanda ya tashi ya je laluben haure a bakinsa? Ya ce Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne, a fada yake waƙa gaban mutanen da suka san doki tun suna yara, da maganar banza ce da ba su bar shi ya kai ƙarshenta ba. Abin da ya fi ba ni kunya ma, kalmomi da yawa da na ɗauka surutu ne kawai na cika kiɗa ashe Hausa ce tsantsa, Sakkwatanci ne da tsofaffin sunayen kayan doki da na yaƙi waɗanda ni ɗan birni ban taɓa ji ba, shi kuwa yana warware min su ɗaya bayan ɗaya yana dariya.

Daga baya wata abokiyar aikinmu da ta karanta Hausa a BUK ta ce ai abin yana da suna, kambamar zulaƙe ake ce masa, wato a kai magana inda hankali ya san ba za ta yiwu ba da gangan, kuma akwai siffantawa da kamantawa da su dabbantarwa, duk a ƙarƙashin adon harshe. Ita ce ta fara ambata min Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da rubuce-rubucensa a kan waƙar baka, har da kalmar turke, wato ainihin abin da aka ɗaure waƙar a kansa. Kalmar ta zauna min sosai, don dabba in tana ɗaure a turke komai zagayen da ta yi ka san inda za ta dawo. Shekara dubun nan da nake wa dariya tana da turke, jira ne ya yi wa yaron tsawo, shi kenan.

Sannan akwai waɗanda tun asali ba a sa su don su ce komai ba. Ayye yaraye, iye nanaye, waɗannan tun a dandali 'yan mata ke yinsu a waƙar gaɗa, wurin shan numfashi ne da ba 'yan amshi abin kamawa, kuma daga nan ne ma sunan waƙoƙin nanaye ya bi waƙoƙin fim. Da ina ɓata lokaci ina neman me zan rubuta a wurinsu, daga baya sai in bar allon fayau.

Amma fa kar a ce na tuba gaba ɗaya. Na zauna a ɗakin ɗaukar murya na ga yadda ake yi, sau da yawa kiɗan ake fara bugawa a fiyano, mawaƙi ya riƙa gunguni a kai har kari ya zauna, sannan a nemo kalmomin da za su shiga ramin, in baitin farko ya ƙare da sautin -iya to duk kalmar da ta ƙare da -iya ta shiga uku. Wani yaro mai murya mai daɗi ya kawo waƙar amarya, ya ce mata zinariya, gimbiya, sarauniya, sai ga tsintsiya, can kuma sai ga tauraruwa mai wutsiya. Na tare shi na ce wace amarya ce za ta yarda a ce mata tsintsiya ranar bikinta? Ya ce haba yaya, tsintsiya maɗaurinki ɗaya, ita za ta haɗa kan dangin miji. Na yi shiru, ya ci wannan. Na ce to tauraruwa mai wutsiya fa, ka san ƙarashen maganar kuwa? ganinki ba alheri ba ake cewa. Ya sosa ƙeya ya ce wallahi yaya ita ce ta zauna a kan kiɗan, kuma an riga an biya kuɗin sitidiyo, ba mai sake ɗauka.

Tun daga ranar in layi ya ɗaure min kai ba na saurin yanke hukunci, tambayar mai waƙar nake yi in yana kusa. Wanda ya san abin da ya faɗa nan take zai ba ka amsa har da ƙari, wanda amsa-amo, wato dacewar sautin ƙarshen layuka, ya ja shi kuma ƙeya yake sosawa, kuma a kunne duk iri ɗaya suke, ba ka rabe su sai ka tambaya.

Waƙar yaron nan kuwa ta shiga fim, ta kuma shiga gidajen biki. Na je wani kamu a Gwammaja na ji DJ ya sake ta, daidai wurin wutsiyar nan ƙawayen amarya suka ɗau guɗa uwar ango ta fito tana liƙi, ni ma na tsinci bakina yana bi. A sabtaitil dai tauraruwa kawai na rubuta, wutsiyar na yanke ta ban gaya wa kowa ba.