Godiya ga duk wanda ya zo rufe shagon Baba

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina rubuta wannan ne a madadin mahaifinmu, wanda yawancinku kuka fi sani da Mai Faifai, da mahaifiyarmu da sauran 'yan gidanmu. Ranar Asabar da ta wuce muka rufe shagonsa na fayafayai da kaset da ke kusa da babbar kasuwar Kaduna, kuma ba za a sake buɗe shi ba. Baba ya ce kada in bari mako ya zagayo ban isar da godiyarsa ba, tunda idonsa ba ya barinsa karanta saƙo a waya, ƙafarsa kuma ba za ta iya bin kowa gida-gida ba kamar yadda ya so. Allah ya saka muku da alheri, ya bar zumunci.

Abin da muka shirya ƙarami ne. Mun ce bayan la'asar za a shimfiɗa tabarmi, a yi addu'a, a sha zoɓo, a sa ɗan kiɗa, maƙwabta su yi sallama da shi. Kafin a idar da sallah layin ya cika. Mutane sun fito daga Tudun Wada da Unguwar Sanusi da Rigasa da Kawo, wasu kuma sun tsallako gadar kogin Kaduna daga Kakuri da Barnawa da Narayi da Sabon Tasha. Akwai waɗanda suka taso takanas daga Zariya da Kano da Jos, har da wani dattijo daga Maraɗi da ya daɗe yana sarar kaset a hannun Baba. Duk wanda ya san Kaduna ya san abin da tsallako gadar nan yake nufi. Tun rikicin Fabrairun 2000 garin ya rabu, kowa ya kwashe iyalinsa ya koma ɓangaren da hankalinsa zai kwanta. Akwai abokan cinikin Baba da rabonsa da su tun wancan lokaci. Sai ga su ranar Asabar da furfura da sanda, wasu jikoki ne ke riƙe da hannunsu, suna kiransa da sunan da suke kiransa tun suna samari. Ku ne farkon waɗanda ya ce in gode wa.

Yaranmu da suka taso suka tarar da shagon ya zama wurin ƙura da tsofaffi biyu-uku a kan benci ba za su gane dalilin wannan taro ba, don haka bari in ɗan faɗa musu. Baba ya koyi sana'ar a hannun maigidansa, wani Ibo mutumin Anacha, ya buɗe nasa shagon jim kaɗan bayan FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya na 1977, wanda aka yi hawan dabarsa a nan Kaduna. Lokacin garin yana da kuɗi a hannun ma'aikata. Masaƙar KTL tana aiki tun 1957, ga sauran masaƙun Kakuri, ga kamfanin haɗa Peugeot da ya fara a 1975, ga 'yan reluwe, ga sojoji. Ƙarshen wata in aka biya albashi, saurayi zai ware na abinci da na haya, abin da ya biyo baya na faifai ne. Kayan daga Legas da Anacha suke zuwa, na kamfanonin faifai irin su EMI da Decca da Tabansi da Rogers All Stars. Baba da kansa yake zuwa sari, ya naɗe kwalayen da bargo, ya hana a ɗora su a saman mota, domin faifai in rana ta doke shi lanƙwasewa yake yi, allura ta riƙa tsalle a kansa, an yi asara ke nan. Ƙaramin faifai mai juyi 45 a minti waƙa ɗaya ce a kowace fuska. Babba mai juyi 33 yakan ɗauki kamar minti 20 kafin a juya shi.

Abin da aka taka rawa da shi a garin nan kuwa, duk ta shagon nan ya bi. Hailaif na mutanen gabas, kiɗan Kwango na su Franco mai jita kamar ba za ta ƙare ba, makosar Kamaru, disko daga Amurka, rege, waƙoƙin Indiya da matan aure ke aiko yara su saya, da kiɗan Sudan da dattawa ke so da daddare. Ga namu na gida a jere a kanta guda: kalangun Shata, kuntigin Ɗan Maraya, amadar Barmani Choge, masu goge da kukuma, da Sa'adu Bori daga Nijar. Daren Asabar Bala Miller da mutanensa suna kaɗawa a Costain Club, Litinin da safe sai ka ga waɗanda suka je can sun zo suna tambayar ko faifansa ya iso. Haka in an sa wata waƙa a Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna. Mutum zai zo bai san sunanta ba, bai san mai ita ba, sai dai ya rera ɗan abin da kunnensa ya kama. Baba ya saurara, ya juya, ya zaro ta.

Da kaset ya shigo ne aikin Baba na gaskiya ya fito. Mai biki zai kawo takarda da jerin waƙoƙin da yake so, da kaset ɗinsa sabo, TDK ko Maxell, C90 mai minti 45 a kowace fuska. Baba ba ya bin jerin yadda aka rubuto. Sai ya tambaya: bikin wa? 'Yan ina ne dangin amarya? Akwai manya a wurin, ko duk samari ne? Sannan ya zauna ya tsara. Ya san wadda za a fara da ita mutane suna cin abinci, ya san wadda za ta tayar da mata daga kujera, ya san inda za a sassauta don a huta, ya kuma san yadda zai auna zaren kada waƙa ta yanke a tsakiya fuska ta ƙare. In bikin Bahaushe ne da 'yar kudancin Kaduna, ko Bayarabe da Banufiya, sai ya saƙa kiɗan ɓangarorin biyu yadda babu dangin da za su zauna suna kallo. Ban taɓa jin ya kira wannan da wani suna ba, aiki ne kawai a wurinsa. Yau da DJ ke yin irinsa da kwamfuta ana biyansa kuɗi masu kauri, ni kuwa na san a hannun wa na fara ganinsa.

Ranar Asabar wata uwa daga Kakuri, tsohuwar ma'aikaciyar masaƙa, ta zo da kaset ɗin bikinta a ƙulle cikin leda, da rubutun Baba a jikinsa. Mijinta ya rasu. Ta ce a sa mata. Zaren ya ɗan saki, ƙanena ya sa biro ya naɗe shi, aka danna. Ta miƙe ta taka, sauran matan suka mara mata baya, masu hijabi da masu ɗaurin ɗankwali, aka yi ta guɗa. Mama, ban samu na yi miki magana ba kafin ki tafi. Mun gode, Allah ya ba ki lafiya, ya raya miki zuri'a.

Mutane da yawa sun tambaye ni me ya sa za a rufe. Amsar ba ɓoyayya ba ce. Masaƙu sun durƙushe ɗaya bayan ɗaya, ma'aikatan da ke cika shagon a ƙarshen wata suka watse. CD ya zo, Baba ya bi. Daga baya memori ya zo, yaro zai zauna a bakin titi da kwamfuta ya tura maka ɗaruruwan waƙoƙi a kuɗin da bai kai na kaset ɗaya ba. Yanzu ko shi ma wayar hannu ta karɓe masa ciniki. Haya tana hawa kowace shekara, ga kuɗin mai na janareta, ga shekaru sun ja. An daɗe ana ciyar da shagon daga aljihunmu don kada Baba ya zauna a gida, har shi da kansa ya ce ya isa. Ba na ganin laifin yaran da ke tura waƙa, abincinsu suke nema. Abin da ke ci mini rai shi ne waya za ta ba ka waƙa, amma ba za ta gaya maka wa ya riƙe kalangu a cikinta ba, ko a gidan wa aka yi ta, ko me ya sa aka yi wa wane habaici a baiti na uku. Baba ya san waɗannan, kuma kyauta yake faɗa wa duk wanda ya zauna a bencin nan. Sannan akwai waƙoƙin Hausa masu yawa da ba su taɓa hawa intanet ba. A kaset ɗaya ko biyu suka rage, in damina ta lalata su shi ke nan.

Muna godiya ga limamin masallacin layinmu da ya buɗe taro da addu'a. Shekara da shekaru Baba yana kashe lasifika da zarar an kira sallah, a azumi kuma ya kwashe kaset ɗin rawa daga gaba ya jera na tafsiri da karatun Alƙur'ani, kuma Malam ya faɗi haka a gaban jama'a, abin da ya faranta wa Baba rai ƙwarai. Muna godiya ga faston da ya zo daga Sabon Tasha, wanda ƙungiyar mawaƙan cocinsu a shagon nan ake juya musu kaset tun yana yaro a cikinsu. Muna godiya ga 'ya'yan marigayi maigidan Baba da suka kira daga Anacha aka sa su a lasifika suka gaishe shi da Hausa. Iyayenmu mata da suka zo da ƙwarya da turmi suka yi amada ba tare da an gayyace su da ita ba, Allah ya bar ku da farin ciki. Mai gyaran rediyo na kusa da mu, wanda ya kwana yana lallaɓa tsohon garmahon har ya yi magana, Kawu, ba mu da abin biyanka. Masu shagunan layin da suka rufe da wuri suka ba mu wuri, matasan unguwa da suka tsare hanya suka kuma share wurin bayan an watse, mai shayi da ya ƙi karɓar ko kwabo, da wanda ya kawo janareta da mansa, duk Baba ya lissafo ku da bakinsa.

Akwai kuma waɗanda ba za su karanta wannan ba. Da muryarsu aka ciyar da mu, aka biya mana kuɗin makaranta, aka yi wa 'yan'uwana mata kayan ɗaki. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, Bala Miller a 2003, Hajiya Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015, ga makaɗa da 'yan amshi da ba a ma rubuta sunansu a bayan kwali ba. Da yawansu ba su ci moriyar aikinsu yadda ya kamata ba, wannan kowa a sana'ar ya sani. Baba ya roƙi a sa su a addu'a ranar, an kuma sa su. Muna roƙon wanda ya karanta wannan ma ya tuna da su da iyalansu.

Game da kayan shago, ga yadda aka tsaya. An sha samun Turawa da dillalansu suna zuwa neman fayafayan Najeriya na shekarun 1970, suna ba da kuɗi mai kyau. Wanda muke da shi fiye da ɗaya Baba ya sayar, wasu kuma ya raba wa tsofaffin abokan cinikinsa ranar Asabar, kowa da wanda ya san yana so. Na Hausa da ba mu san wani mai irinsu ba ya ce ba za su bar gidan ba. An kai su ɗaki mai sanyi, an jera fayafayan a tsaye yadda ya koya mana. Wasu ɗalibai biyu da suka zo taron sun ɗauki nauyin zuwa duk ƙarshen mako su mayar da su cikin kwamfuta, Baba yana zaune yana faɗa musu sunan mai waƙa da makaɗansa suna rubutawa. Sun fara jiya Lahadi. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku sa'ar karatu.

Saura saƙo uku daga bakinsa. Wanda ya san shago yana binsa bashi, na kaset ne ko na faifai, tsoho ko sabo, Baba ya yafe, an yaga littafin a gaban shaidu. Wanda kuma yake bin Baba, ko ya taɓa barin kaset ɗinsa don a juya masa bai dawo ya karɓa ba, ya yi mini magana ta akwatin saƙo, akwai kwali guda cike da su, da sunan kowa a jiki. Na uku, in akwai mai tsohon kaset na wani makaɗin Hausa a ajiye a gida, na biki ne ko na rediyo, ya ara mana a kwafa a mayar masa da abinsa. Baba yana gida kullum bayan la'asar, ya ce ƙofa a buɗe take ga mai son zuwa hira.

Allah ya saka wa kowa da alheri, ya zaunar mana da Kaduna lafiya. Amin.