Wayar ta tashi, bayan ta ci min kawuna 14

'Yan uwa masu koyo, daren jiya bayan Isha'i wayar network da na ja daga shagona zuwa gidan Yaya ta tashi. Ping ɗari, wato ƙananan saƙonnin gwaji, na tura daga kwamfutar gidan Yaya zuwa rautar da ke shagon cajina (na'urar da ke rarraba intanet), mai adireshin 192.168.1.1, ko ɗaya bai faɗi ba. Wallahi na daɗe zaune kan tabarma ina kallon allon don daɗi.

Daga shago zuwa zauren Yaya mita 62 ne, an bi ta bayan rumbu, ko kusa da iyakar mita 100 ta irin wannan waya ba a kai ba. Amma kwana tara ke nan fitilar rautar sai ta kama ta ɗauke, in ma ta zauna sai kwamfuta ta nuna gudun 10 Mbps kawai maimakon 100. Abin da ya fi ƙona min rai, testa, na'urar gwada silin wayar, tana ba ni fitilu takwas cif, daga 1 zuwa 8 a jere. Na zargi kawunan RJ45, wato filogin da ake matsewa a ƙarshen wayar, na yi ta yankewa ina sake matsewa har guda 14 suka tafi shara. Na koma zargin wayar, na shiga mota zuwa Kano na sayo wata wayar network samfurin Cat5e, kuɗin mota kaɗai ya cinye ribar caji ta kwana biyu. Na dawo Ringim, na shimfiɗa sabuwa, ba abin da ya sauya.

Sai na ɗauki hoton kan wayar na tura wa wani malamin kwamfuta a Dutse ta WhatsApp. Amsarsa gajeriya ce: "Malam, ka raba tagwaye."

Ashe tun farko ni na ƙirƙiro jerina. Na ga silin a murɗe suke bibbiyu kamar tufkar igiya, sai na jera su haka: ruwan lemo a rami na 1 da 2 na kan wayar, kore a 3 da 4, shuɗi a 5 da 6, ruwan ƙasa a 7 da 8, duka ɓangarorin iri ɗaya. A gajeriyar waya ta mita biyu yana aiki, shi ya sa ban taɓa shakka ba. To a 100 Mbps saƙo ta 1 da 2 yake bi, sai 3 da 6. Ni kuwa 3 ɗina na kore ne, 6 na shuɗi, ba su murɗe da juna ba, kuma murɗin nan shi ke kashe hayaniyar lantarki a doguwar tafiya. Ita testa mai arha abin da ta sani kawai, sili ya isa ɗaya ƙarshen.

Na sake matsewa da jerin ƙa'ida da ake kira T568B: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Kore ya ɗauki 3 da 6, shuɗi ya zauna a tsakiya. Ina sokawa fitila ta tsaya cak. Yaya ya leƙo ya ce, "Auta, yau dai za mu yi barci?"

Na so in saita rauta ta biyu a zauren in kashe mata DHCP, wato tsarin da ke raba wa na'urori adireshi da kansa, tun makon jiya, ban ko taɓa ta ba. Yanzu abin da ya fi gaggawa wayar ce, tana kwance a ƙasa inda awakin Inna ke wucewa. Dole ta shiga bututu kafin ruwan farko ya sauka.