Hannun Inna

Alhamis. Yau muka haɗa mujallar 'yan SS2. Takarda huɗu ta A4, an ninke kowace gida biyu, ta ba mu shafi 16. Makon jiya sun jera shafukan bi da bi, da aka ninke sai labarin rijiyar burtsatse ya faɗa tsakiyar tallan sabulu. Sai da na warware wata tsohuwar mujalla suka ga shafi na 16 da na 1 suna kwance a fuska ɗaya. Yau kam ta fito daidai. Aji ya kaure da shewa, har malamin lissafi ya leƙo.

Bango kaɗai muka buga mai launi a Gumel, saura fotokofi.

Tallan Edita, wato ɗalibar da ke editar mujallar, shi ne ya tsaya mini a rai. Man gyaɗar mahaifiyarta take tallatawa. Take gajere, farashi ƙuru-ƙuru, ba cunkoson rubutu. Amma hannun da ke riƙe da kwalbar fari ne sol, da dogayen farata, ta ɗauko daga intanet ta liƙa a manhajar zane ta Canva.

Na ce, "Ke, ina hoton Inna da muka ce ki ɗauka tana matsar tunkuza?"

Ta sunkuyar da kai. "Malama, na ɗauka. Hannunta duk kanta ne. Wa zai ga wannan ya saya?"

Na rasa ta cewa. Hannun nan shi ke soya gyaɗa, ya murje, ya sheƙe, in an dawo daga inji ya riƙe muciya ana zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan har mai ya taso. Da shi aka ɗinka mata kayan makarantar da ke jikinta. Yau ma Innar tana kasuwar Maigatari da jarkokinta, kuma masu saye a wurinta ƙanshi suke bi, su kuma tambayi wadda ta matsa.

Da na dawo gida na buɗe jakar tallace-tallacen da na yanko musu a farkon zango don su yi koyi. Na man shafawa, na madara, na sabulu. Babu hannu ko ɗaya a ciki mai kama da na matan garin nan. Ni na kawo su. Ni ce kuma na ba su labarin Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, na ce sunanta ma talla ne, tunda a lokacin kwabo ake sayar da ita. Na faɗi wancan da baki, na nuna wannan da hoto, yarinya ta ɗauki wanda ta gani.

Ban rubuta mata maki ba tukuna.

Zazzaɓin Auta ya sauka, alhamdu lillahi. Ba wuta tun jiya.

Kafin a tashi daga makaranta Edita ta nuna mini hoton a wayar yayanta. Lalle ya fara koɗewa a tafin, mai na sheƙi tsakanin yatsu. Na ce ta kawo shi ranar Litinin, mu liƙa su biyun a bakin ƙofar makaranta, wurin masu awara.