Abin da birni zai iya yi wa sigari, da inda ƙiba ke gagararsa

Hukumar birni ba ta da ikon shiga gidan mutum ta fizge masa karan sigari, ko ta rage masa abinci a kwano. Abin da ke hannunta shi ne farashi, da wuraren taruwar jama'a, da lasisin masu shaguna, da allunan talla, da makarantu. Birnin New York na Amurka ya gwada kusan dukkan waɗannan tun daga 2002, shekarar da Michael Bloomberg ya zama magajin gari, Dakta Thomas Frieden kuma ya karɓi ragamar sashen lafiya.

Da haraji aka fara. A 2002 birnin ya ɗaga harajinsa a kan kwalin sigari daga santi 8 zuwa dala 1.50. A watan Maris na 2003 dokar hana shan taba a wuraren aiki ta fara aiki, har da gidajen abinci da mashaya. A shekarar ce kuma aka raba wa dubban mutane filastar nikotin kyauta, wadda ake mannawa a jiki ta rage ƙishirwar taba. Manyan da ke shan taba sun ragu daga kusan kashi 21.6 cikin 100 a 2002 zuwa kashi 19.2 a 2003, wato mutum kusan 140,000 a shekara guda.

Farashi ne ya fi komai ƙarfi a nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta cewa ƙarin kashi 10 cikin 100 a farashin sigari yana rage shanta da kusan kashi 4 a ƙasashe masu arziki, kashi 5 kuma a masu ƙaramin ƙarfi, kuma matasa da talakawa ne suka fi saurin ja da baya. Sai dai haraji yana da kafofin da yake yoyo. In an ƙayyade shi da adadin kuɗi a kan kowane kwali, hauhawar farashi na cinye shi a 'yan shekaru, don haka dole a rubuta a cikin dokar cewa zai riƙa tashi. Kamfanoni kuma sukan fito da takardun rangwame su cike gibin, abin da ya sa New York ta hana rangwamen ta kuma sa mafi ƙarancin farashin kwali, dala 10.50 a 2014, dala 13 a 2018. Ga fasa-ƙwauri daga jihohi masu sauƙin haraji irin su Virginia, ga sayarwa kara-kara wadda ke sa yaro ya samu da 'yan canjin aljihunsa. Birnin da ya ɗaga haraji bai ɗauki masu duba shaguna ba, kuma ba ya ƙwace lasisin wanda aka kama sau biyu ko uku, rabin aiki ya yi.

Dokar hana hayaki ma tana lalacewa ne wajen sassauci. Ware ɗaki ko kusurwa ga masu shan taba, ko sa na'urar jan iska, ba ya kare ma'aikacin da zai yi awa takwas yana kai abinci a wurin. Dokar da ke tsayawa ita ce mai sauƙin fahimta: babu taba a cikin gini, alama a ƙofa, tara kuma a kan mai wurin, domin shi ne ke nan kullum.

Wani darasin da ake yawan tsallakewa shi ne nasarar ba ta dawwama da kanta. A New York raguwar ta tsaya cak wajen 2005, sai da aka fito da tallace-tallace masu tayar da hankali a talabijin a 2006, masu nuna ainihin masu cutar kansa da waɗanda aka huda wa maƙogwaro. Adadin ya sauko zuwa kashi 14 a 2010, sannan ya sake hawa ya wuce 16 a 2013.

Ƙiba kuwa wani dutse ne daban. Mai shan taba ana ce masa ya daina gaba ɗaya, amma ba wanda zai daina cin abinci. A 2008 New York ta tilasta wa gidajen abinci masu rassa 15 ko fiye su rubuta adadin kalori, wato ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki, kusa da farashi. Da masu bincike suka tattara rasit ɗin masu saye a unguwannin talakawa kafin dokar da bayanta, sai suka ga abin da ake saye bai canza ba, duk da cewa da yawa sun ce sun ga lambobin. Wanda ke da yunwa da ɗan kuɗi kaɗan, abin da zai ƙosar da shi yake nema.

Daga nan hankali ya koma kan lemuka masu sukari, kuma da dalili. Gwangwani ɗaya mai mililita 330 na ɗauke da sukari kusan giram 35, alhali shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ga babba ita ce kada ya wuce kusan giram 50 a yini, giram 25 ma ya fi. Sukarin da aka sha kuma ba ya ƙosarwa, mutum zai ci abincinsa cif a kai. A 2012 hukumar lafiya ta New York ta hana sayar da kofin da ya wuce oza 16, kusan mililita 470. Dokar ta zo da ramuka: ba ta shafi manyan kantuna da shagunan kan hanya ba saboda jiha ce ke kula da su, ba ta shafi abin sha mai madara da yawa ba, kuma ana iya sake cika kofi. Kotu ta dakatar da ita a 2013, babbar kotun jihar ta binne ta a 2014, bisa hujjar cewa hukumar ta wuce gona da iri, aikin majalisar birni ne. Duk wanda zai tsara irin wannan doka ya fara tambayar wa ke da hurumin yin ta.

Haraji ya fi wannan tasiri. A Amurka, birnin Berkeley ya amince da harajin santi ɗaya a kan kowace oza ta lemo mai sukari a 2014, birnin Filadelfiya kuma ya sa santi 1.5 daga Janairun 2017. A manyan shagunan Filadelfiya cinikin lemukan ya faɗi da kusan rabi, amma wasu suka riƙa tsallaka iyakar birni su sayo, ainihin raguwar ta tsaya a kashi 38. Raguwar ciniki kuma ba ita ce raguwar nauyi ba, wannan sai an yi shekaru ana auna yara a makarantu kafin a gane.

A ganina hanyar birnin Amsterdam na ƙasar Netherlands ta fi dacewa da yanayin matsalar. Tun 2013 birnin ya maida ƙarfinsa kan yara: ruwa a makarantu maimakon lemo, isasshen barci, motsa jiki, da bibiyar uwa tun tana da ciki har yaro ya kai shekara biyu, an kuma fi ba unguwannin da ƙiba ta fi yawa muhimmanci. Landan ta bi ta wata kafar a Fabrairun 2019, ta hana tallan abinci mai yawan kitse, sukari ko gishiri a tashoshin jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa da motocin bas, wuraren da hukumar sufurin birnin ce ke sayar da allunan da kanta, ba sai ta nemi izinin kowa ba.