Ƙaryar da na yi a sansanin Barafu

Daren da za mu tashi daga sansanin Barafu zuwa ƙololuwar dutsen Kilimanjaro, ɗan jagoranmu ya maƙala min na'urar auna oksijin a yatsa. Ya dubi lambar, ya dube ni, ya ce ko kaina na ciwo. Na ce lafiya lau. Alhali tun a Barranco, wani sansani da muka baro a hanya, kaina ke sarawa, abinci ma da ƙyar yake wucewa.

Har yau wannan "lafiya lau" ɗin tana ci min rai.

Da tsakar dare muka fita. Kafin asuba jiri ya kama ni, sai amai. Da na isa Stella Point, wani wuri dab da ƙololuwa mai tsayin mita 5,756, ƙafafuna sun daina jin maganata, ina tangaɗi. Uhuru, ƙololuwar dutsen, tana mita 5,895, wato saura hawan mita 139 kacal. A can sama, numfashi ɗaya bai fi rabin oksijin ɗin da ake samu a bakin teku ba, kuma in ciwon tsauni ya kai haka, maganinsa sauka. Mutum biyu suka riƙe ni muka gangara.

A tanti na kwanta ina tambayar kaina me ya sa na ɓoye. Amsar ba daɗi. Na riga na shelanta tafiyar a Facebook. Kalaman da zan rubuta ƙarƙashin hotona a gaban allon Uhuru ma na tsara su tun ban sayi takalmin hawa ba. Ashe so nake a ce na hau, dutsen kansa bai dame ni ba. Da ya dame ni, da tun a Barranco na buɗe baki, an ƙara min kwana a sansanin Karanga jikina ya saba.

Don Allah, kafin ka ɗaura jaka, ka tambayi zuciyarka: in babu wanda zai taɓa sani, za ka hau? Kuma ko yaya kanka ya sara, faɗa wa ɗan jagora a take.

Abin da ya fi ƙona min rai, ɗaya daga cikin waɗanda suka sauko da ni shi ne mai taimaka wa wata dattijuwa a ayarinmu. Ita ta faɗi gaskiyar jikinta kullum, tana tafiya "pole pole", wato a hankali, yadda aka ce. Saboda ni ta ƙarasa ba mai riƙe mata jaka.