Tiyon jika uku da na ɓata kafin sarewata ta yi magana

Har yau tiyon nan na jan ƙarfe yana rataye a ƙusa cikin ɗakina, da hudojinsa shida, kuma duk sanda idona ya faɗa kansa sai raina ya ɓaci. Jika uku na ba da a babbar kasuwar Maradi, wajen masu kayan famfo, na ɓata shi a yammaci guda saboda garaje.

Irin sarewar Turawa nake son yi, mai huda shida da ake busawa ta baki a miƙe, wadda 'yan ƙasar Ailan suka riƙe a kiɗansu. Wani Bature mai suna Robert Clarke ne ya fara ƙera ta don sayarwa a Ingila a 1843, da fallen kwano da yake naɗewa, ya toshe bakin da guntun icce. Na ce a raina, abin da aka yi da kwano da icce ai bai fi ƙarfin ɗan Maradi ba, mu da muka tashi muna fafe karan dawa muna busa a bakin gulbi.

Ina da awo a rubuce: tsawo kusan santimita 30, faɗin ciki milimita 12, da inda kowace huda za ta zauna. Sautin ƙasa, in an toshe dukan hudojin, shi ne Re, cikin jerin sautukan kiɗa na Do, Re, Mi, Fa, Sol, La, Si, wanda manhajar gwada sauti ta waya take nunawa da lamba 587. Na yanke tiyo daidai awo, na yi alama, na huda shidan nan reras, suka yi kyau kamar na kanti. Sai daga baya na koma kan bakin.

Nan na kashe kaina. Bakin shi ne sarewar, ni kuwa na ɗauke shi abin ƙarasawa. Akwai 'yar tagar da ake yankewa, da leɓen da iska ke bugawa ta rabu biyu, da toshiyar icce da ke barin siririyar hanya a samanta. Busar farko iska kawai ta fito, fuuu. Na sa magagari na ƙara buɗe tagar, ta fara magana a shaƙe. Na ƙara. Da muryar ta washe na yi murna, na ɗauko waya, sai na ga allura ta wuce Re ta yi sama. Ashe duk faɗin da ka ƙara wa taga, sautin sarewar gaba ɗaya hawa yake yi. Tiyon ya riga ya gajarta, hudojin sun riga sun zauna, kuma babu wanda ya taɓa mayar da ƙarfen da ya goge.

Kwana biyu ina liƙe-liƙe da salatif, ina rage wannan huda, ina toshe rabin waccan. In Sol ta daidaita, La ta karkace. Na ɗauke ta na kai wa wani dattijo mai gyaran fitila da bokiti a unguwarmu, na ce ko zai ɗora mini guntu a gindinta da dalma. Ya juya ta, ya leƙa cikin, ya ce, "Yaro, wa ya ce ka ɗinka riga kafin ka ga mai ita?" Na ce, "Baba, awo na bi." Ya ce awon na bakin wani ne, ba nawa ba. Ya kuma hana ni zancen dalma a abin da zan riƙa sawa a baki, don guba ce. Wannan ma ban yi tunaninsa ba sam.

Ta biyu da tiyon roba na yi ta, irin wanda ake zura wayar lantarki, da kuɗin da bai kai na shayi da burodi ba. Na bar tsawon ya zarce da yatsa biyu. Kwana uku ban taɓa maganar huda ba, baki kawai nake gyara, ina goge leɓen da takarda mai yashi, ina tura toshiyar gaba kaɗan, ina janyo ta, har sautin ƙasa ya fito da kauri, na sama kuma ya fito in na ƙara iska ba tare da ƙara mai tsaga kunne ba. Sannan na shiga rage gindin, milimita ɗaya ɗaya, ina busawa ina duban waya. Hudojin daga ƙasa na faro, kowace da ƙaramin tsini, ina buɗa ta a hankali har ta hau inda ake so. Ta biyu daga ƙasa ta fi kowace girma, ta uku kuwa 'yar ƙarama ce, kada ka ce za ka daidaita su don kyan gani.

Abu ɗaya ya ƙara ba ni mamaki. Na gama ta da sanyin safiyar Janairu, lokacin hunturu, da rana ta take na sake gwadawa sai na ga ta ɗan hau. Gabana ya faɗi, na ce na sake ɓatawa. Ashe iska mai zafi sauti ya fi gudu a cikinta, kuma a garin da zafi ke wuce 40 a watan Afrilu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Yanzu sai na ɗumama ta da numfashi na minti biyu kafin in yarda da abin da waya ta ce. Toshiyar ma ta sha ruwan baki ta kumbura har ta matse hanyar iska, sai da na ciro ta, ta bushe, na shafe ta da kakin zuma.

Ta robar tana busuwa lafiya, yaran gidanmu har rububinta suke yi bayan la'asar. Amma jan ƙarfen nake so tun farko, don nauyinsa a hannu. Na koma kasuwa ranar Litinin na tambayi kuɗin wani, na tarar ya ƙaru, na juyo. In na tara kuɗin, santimita 33 zan sa a yanka mini, kuma injin huda zai kwana a gidan maƙwabci sai bakin ya yi magana.